Ƙullin Ostrander

Duk faɗin jihar Nebraska, wadda ko kusa da teku ba ta yi ba, inda in ka ɗaga ido ba ka ganin komai sai gonar masara, Allah bai yi masanin teku kamar Wendell Ostrander ba. Kada ka wahalar da kanka wajen tambayar mutane, shi ka tambaya, zai tabbatar maka. Shi ne shugaban ƙungiyar masu kiwon kifin ruwan gishiri ta garinsu. Shi ya kafa ta, shi yake tsayar da kansa takara duk shekara, shi yake fara tafa wa kansa. A gaban idonsa Shugaba ake ce masa. A bayan ido kuwa, Sarkin Ruwan Falo.

Ba a banza ya sami sarautar ba. Yakan ce, "Ni fa a ruwa na ƙare rayuwata." Gaskiyarsa kuwa, don har ya yi ritaya aikinsa bin gida-gida ne yana duba mitar famfo. Shi da teku sun taɓa haɗuwa a Florida. Igiyar ruwa ta zo ta lashi idon sawunsa, ya koma mota ya ɗaga gilashi. Amma daga can ya sayo farar hular matuƙan jirgin ruwa, wadda ba ya cirewa sai zai shiga wanka.

Tankinsa na gilashi ya cinye bangon falo guda, ga duwatsu, ga murjani, ga fitilu masu shuɗin haske. Kifaye da yawa sun shiga tankin nan, kuma tsakani da Allah babu wanda ya mutu da laifin Shugaba. Wannan tun daga kanti ya zo da ciwonsa. Wancan ba shi da tarbiyya. Wani kuwa kwarjinin tankin ne ya kashe shi, don bai taɓa ganin irinsa ba ko a teku.

Mutum ɗaya ce ba ta san darajar wannan bawan Allah ba: matarsa Marlys. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tekun Shugaba ya yi mata ambaliya a falo. Ran da aka shimfiɗa mata sabon kafet mai ruwan madara, ta tsaya a tsakiyarsa ta riƙe ƙugu.

"Wendell, buɗe kunnenka. Ruwan gishiri ya sake taɓa kafet ɗin nan, tsakanin kai da tankin, ɗaya zai koma gareji."

Shugaba ya yi murmushi irin na manya, amma ya san abin da hakan ke nufi. Gareji a watan Janairu ko mota sai an lallashe ta take tashi don tsananin sanyi. Tanki ya kwana a can, da safe ƙanƙara za a tarar, sarauta ta ƙare ke nan.

Ana nan sai ya yi odar kifin mala'ika, irin wanda ake kira sarki. Faɗinsa ya kai faranti, jikinsa ratsin shuɗi da rawaya, da baƙin layi a ido kamar ya sha kwalli. Tun kifi yana hanya aka raɗa masa suna Wendell na Biyu, aka kuma gayyaci ƙungiya ta zo ranar Asabar ta ga yadda manya ke saukar da baƙo.

Kifin teku dai ba a juye shi daga leda zuwa tanki kai tsaye, don ruwan da ya zo a ciki da na tankin ba ɗaya ba ne wajen gishiri da ɗumi. Bokiti ake sa shi, a jawo ruwan tanki da siririn tiyo, a ƙulla tiyon yadda ruwa zai riƙa ɗiga a hankali har kifi ya saba. Kowa a ƙungiya ya iya wannan, kowa kuma ya san ba a barin bokitin shi kaɗai. Amma ƙullin kowa daban, na Shugaba daban. Nasa har suna gare shi, Ƙullin Ostrander, ya taɓa yin lacca a kansa har kofi ya huce.

Ranar Asabar da rana jama'a suka zo cikin dusar ƙanƙara, suka tuɓe takalma a bakin ƙofa, suka jeru a kujeru da safa. Marlys ta gaishe su ta wuce kicin. Shugaba ya juye kifin a bokiti, ya zuƙi tiyo, ya yi ƙullinsa yana juya wa jama'a baya kada a saci fasaha. Sannan ya tura bokitin bayan doguwar kujera.

"Kada wanda ya leƙa," in ji shi. "Idon wanda bai ƙware ba yana razana kifi."

Ya gyara hula, ya tsaya gaban tanki.

"'Yan uwana ma'abota teku, sirrin wannan harka abu ɗaya ne: lura. Wasunku sai sun tsaya a kan bokiti kamar masu jiran tuwo ya nuna. Ni kunnena ya ishe ni. Ina jin ɗigo ɗaya na san gishirinsa. Teku yana yi mini magana, ni kuma ina saurare."

Ashe a bayan kujera Ƙullin Ostrander ya gaji da ɗaukaka, ya saki jiki. Ɗigo ya zama tsiyaya, bokiti ya cika ya fara malala.

Hollis, tsohon direban motar makaranta, shi ke zaune a ƙarshen kujera, shi ya fara jin sanyi a tafin ƙafa. To, mutanen garin nan gara gida ya kama da wuta da su katse mai magana. Ya ɗaga yatsa a hankali.

"Tambayoyi sai a ƙarshe, Hollis."

Hollis ya sauke yatsa, ya ɗaga ƙafa. Matar da ke kusa da shi ta naɗe nata ƙafafun a kan kujera. Haka aka yi ta yi bi da bi, har duk falon babu ƙafar da ke ƙasa sai ta Shugaba. Shi kuwa ya duba ya ga jama'a sun takure, sun zare ido, sai daɗi ya kashe shi. Bai taɓa ganin maganarsa ta kama mutane haka ba.

Ruwan tanki ya ja baya, injin da ke juya shi ya fara shaƙar iska yana ƙugi.

"Kun ji ko? Wannan shi ne sautin lafiyayyen tanki."

Bai rufe baki ba sai ga Wendell na Biyu ya sulalo ta ƙarƙashin kujera, yana fal-fal a kan kafet mai ruwan madara, ya zo ya tsaya daidai ƙafar mai sunansa. A daidai lokacin Marlys ta shigo da farantin kek, silifas ɗinta yana caɓal-caɓal.

"Kada a taɓa shi!" Muryar Shugaba ta koma ta ɗan akuya. "Akwai ƙa'ida! Sai an auna... a kawo... ina abin nan yake?"

Marlys ta zubar da kek a cinyar Hollis, ta kwashi kifin da farantin, ta tsunduma shi a tanki. Kifi ya yi zagaye ɗaya, ya yi ɗan gurnanin nan da irinsu ke yi in ransu ya ɓaci, ya hau tsattsagar dutse kamar a nan aka haife shi.

Baƙi suka zura jiƙaƙƙun safa a takalma. "Madalla, Shugaba, mun ƙaru ƙwarai," suke cewa, kowa yana rige-rigen ƙofa.

Da gida ya rage su biyu, Shugaba ya cire hular da kansa. Wallahi abin tausayi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Marlys, don girman Allah. In tankin nan ya shiga gareji, komai zai mutu."

"Wa ya ce maka tankin ne zai tafi?"

Yanzu in ka tambayi Shugaba, zai gaya maka ya mayar da ofishinsa gareji ne don bincike yana son kaɗaici. Kujerarsa tana can kusa da injin yankan ciyawa, da bargo da ɗan abin ɗumama ɗaki. Kifin kuwa ya yi ɓul-ɓul. A hannun Marlys kaɗai yake cin abinci, ta ma sake masa suna Kek. Da ya hango farar hula sai ya shige bayan dutse yana gurnani.

Ba wai ta hana shi falon gaba ɗaya ba ne, Marlys ba muguwa ba ce. Jiya ma ya leƙo, ta ɗaga masa hannu daga inda take zaune.

"Tsaya nan bakin ƙofa, Shugaba. Kai ka koya mana ba a juye baƙo kai tsaye. Yau ka sa ƙafa ɗaya. In kifi ya saba, gobe mu ga ta biyun."