Ƙusar da Ta Kashe Inbatar Malam Dalhatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Malam Dalhatu mai gyaran rediyo a garin Kibiya yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu dariya, rasuwar inbatarsa. Ta cika ranar Asabar a Rurum, a wurin taron suna, nesa da hannun da ya haɗa ta.

Marigayiya ba 'yar kanti ba ce. A kan bencinsa aka haife ta, cikin akwatin wata tsohuwar sitabilaiza. Shi ya naɗa mata wayar tagulla da yatsunsa, zagaye bayan zagaye, babu malami babu takardar makaranta, har ta iya karɓar wutar batirin mota, bolt goma sha biyu kacal, ta ɗaga ta zuwa ɗari biyu da ashirin. Ba ta shan fetur, ba ta hayaƙi, ba ta tsegumi. In an kunna ta sai ta ce "ƙyas", sannan ta kama "zuuu" ɗinta ƙasa-ƙasa kamar mai bitar karatu.

Ta rasu ta bar ƙwan fitila uku, da fanka, da injin askin Mika'ilu na maƙwabta, da wayoyin rabin unguwa, da batirin da ya yi jugum a ƙarƙashin benci.

Ba ta yi jinya ba. Aronta aka aiko a yi, wanda ya aiko kuwa dattijo ne da Malam Dalhatu yake tuɓe wa takalmi tun daga nesa, irin wanda ba a ce masa a'a. Malam Dalhatu ya ɗaure ta a bayan babur, ya ja kunne cewa lasifika da fanka kawai. Da baƙi suka cika zaure, shayi ya gaza, sai aka jona mata hitar dafa ruwa. Fis ɗinta ya tsinke, aikinsa ke nan, ya mutu don gida ya tsira. Maigida, dattijon nan, ya ji lasifika ta yi shiru a gaban jama'a, kunya ta kama shi, ya zaro ƙusa daga jikin ƙyaure ya cusa a gurbin fis. Marigayiya ta yi gunji, ta ɗauki nauyin da ba nata ba, kalmarta ta ƙarshe ita ce "fat".

Yanzu magana ta kai har Nariya, wai haɗin Dalhatu ya kusa ƙona gidan mutane. Masu kawo gyara sun fara wuce shago suna kallon gefe. Shi kuwa yana ta juya abin a ransa: wa ya kashe ta, hannun da ya cusa ƙusa, ko bakin da ya kasa cewa a'a? In ya yi shiru, sunansa ya bi ta kabari. In ya kira suna, da wane ido zai dubi matarsa Halimatu Sa'adiya, wadda a zauren nan na gidan ubanta ta yi rarrafe?

Don haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba wanka, ba likkafani. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a kwantar da marigayiya a kan tebur a ƙofar shago, murfi a buɗe, ƙusa tana nan inda aka same ta. Mai ido ya zo ya duba da kansa. Ba a karɓar gaisuwar wanda bai leƙa ba. Mai makoki yana gefe yana naɗa wayar ƙanwarta, ba zai ce uffan ba.

Ƙusar kuwa ba ta cikin gado. Mai ita yana iya aikowa a karɓa masa, za a miƙa da hannu biyu, a durƙushe.