Kabari Biyu a Bayan Rumbu

A ƙauyen Gidan Ɓaure akwai wani mutum mai suna Mati, wanda duk abin da aka faɗa masa, yadda ya shiga kunnensa haka yake aikata shi. Yana zaune da mahaifiyarsa Inna Kande da yayansa Sallau. Ubansu ya rasu ya bar musu babur, irin wanda ba ya tashi in babu batir, ko an tura shi. Inna tana da gyambo a ƙafa, a kan babur ɗin Mati yake kai ta asibitin gari a wanke mata. Sallau kuwa ya ɗauki kansa mai wayon gidan, kullum zancensa birni.

Wata rana da damina babur ya ƙi tashi. Sallau ya danna ham, ya ji ƙarar kamar ta ɗan tsako, ya ce, "Batir ya yi sanyi," ya yi ficewarsa. Mati ya ji tausayi. Ya kwance batirin, ya shiga ɗaki ya yaye bargon da Inna take rufa da shi, ya naɗe shi a ciki. Inna tana rawar ɗari ta ce, "Mati, ina bargona?" Ya ce, "Yi haƙuri Inna, ya fi ki jin sanyi, ko magana ba ya iyawa."

Wata rana ya ɗauki batirin ya kai wa Jatau bakanike. Jatau ya leƙa ya ce, "Ruwansa ya ƙafe, ruwa yake so." Kafin ya miƙo kwalbar ruwan batir, Mati ya sungumi kayansa ya yi gida. Ya ajiye wa batirin ƙwarya cike da ruwan rijiya, ya zauna yana lallashi. Batir ya ƙi sha. Sai ya tuna yadda mata suke yi wa jariri mai ƙin abinci, ya ɗora shi a cinya, ya buɗe masa baki, ya yi masa ɗure har da ɗan kunun kanwa. Abin da ya amayo ya huda masa wando, ya saɓule masa fatar cinya. Maƙwabta suka cika gidan. Dariya ta hana kowa miƙa masa ruwan wankewa.

Wata rana Sallau ya ce, "Kai dolo, ka kai shi caji mana!" Mati ya ɗora batir a ka, bai tsaya ko'ina ba sai caji ofis. Ya dire shi gaban ɗan sanda.

"Me ya yi?"

"Ranka ya daɗe, ya ƙi tashi, ya ƙi sha, ya ƙone ni."

"Kai kuma ina ka sato shi?"

Suka tsare shi yana sharar harabar har la'asar, sai da Jatau ya zo ya ba da shaida. Ran nan ne ranar wankin ƙafar Inna. Ba ta je ba, ƙafar ta fara wari. Sallau ya wuni a majalisa yana ba da labarin, ana tafa masa.

Da Jatau ya gwada batirin sai ya ce, "Wannan kam ya mutu." Mati ya yi salati. Ya kai shi bayan rumbu, ya haƙa rami ya rufe shi, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa suna ƙunshe dariya, shi kuma yana amsawa da idanu jajur.

Inna ta sayar da akuyarta guda da ta rage, aka sayi sabon batir. Jatau ya ɗaura, babur ya tashi da dannawa ɗaya. Ya miƙa wa Mati murfin gefe ya ce, "Ruwan sama na lalata shi. In ka je gida ka rufe shi da kyau."

Mati ya ce, "Da ransa, Malam Jatau?"

Jatau ya riga ya sunkuya kan wani aikin. Mati ya koma gida, ya kwance sabon batirin, ya naɗe shi a leda, ya rufe shi kusa da ɗan'uwansa.

Washegari da hantsi sai ga Sallau da wani baƙo mai hular saƙa. Ashe jin an sa sabon batir, ya je ya yi cinikin babur ɗin a ɓoye don ya samu guzurin birni. Inna ta ji su daga ɗaki ta ce, "Sallau, ni kuma da me za a kai ni?" Ya yi kamar bai ji ba. Baƙo ya danna, shiru. Aka duba, babu batir. Sallau ya shaƙe wuyan Mati.

"Ina ka kai shi?"

"Na rufe shi, Yaya. Yana bayan rumbu."

Sallau ya fizgi fartanya, ya tone tudun da ya fara gani, ya zaro batir, ya kakkaɓe ƙasa ya ɗaura. Mati ya ce, "Yaya, ai wannan marigayi ne." Sallau ya ce, "Rufe mini baki!" Mati ya sa tafin hannu ya rufe masa, ya sha mari. Baƙo ya sake dannawa, ko tari babur bai yi ba. Ya dubi Sallau sama da ƙasa ya ce, "Malam, gawa ka tono za ka sayar mini?" Ya karkaɗe riga ya tafi.

Kafin azahar labari ya game gari. Sallau bai iya zama majalisa ba, ya tattara kayansa ya bi motar kasuwa, bai leƙa ɗakin Inna ba.

Inna ta ce, "Mati, tono ɗayan." Ya tono, ya ɗaura, babur ya tashi. Tana ƙoƙarin hawa, tana cije leɓe saboda ƙafar, ta ce, "Ni dai na haifi mai wayo, amma zuciyarsa ta mutu."

Mati ya sauka da sauri ya ɗauko fartanya. "A ina za a rufe ta, Inna?"

Ta ce, "Ajiye. Mai ita ya tafi da abarsa. Ja mu je."