Ranar da Na Ciyar da Layin Tiyata

"Ni nak kawo su! Wallahi in ba don ni ba, likitocin ga ko hanyar Shinkahi ba su sani ba."

Haka na riƙa faɗi a teburin mai shayi, da bakin masallaci, da gidan suna, har da wuraren da babu wanda ya tambaye ni. Sunana Armiya'u, takalman roba nake sayarwa a kasuwar Shinkafi, kuma tunda kai ne aboki, bari in ba ka labarin yadda yake kafin maƙiya su ba ka nasu.

Wata ƙungiyar agaji ce, irin masu yawo ƙasa-ƙasa suna yi wa talakawa magani kyauta, ta turo likitoci su yi aikin ƙaba. Yau a duba mutane, gobe a yi musu aiki a nan, jibi su ƙarasa a Kaura Namoda, daga can su tattara su yi gaba. Abin da ya haɗa ni da su kuwa, Maigari ne ya nemi mai babbar murya ya yi shela ya kuma jera benci. Ni ko Allah ya ba ni murya, in na yi atishawa a Shinkafi sai an amsa mini daga Galadi. Shi ke nan fa muƙamina, mai shela da jan benci. Amma kafin labari ya kai bakin kasuwa na riga na zama wanda ya buga waya ƙasar waje aka taso.

Har farar riga na bayar a ɗinka mini, mai aljihu a ƙirji, na soka biro uku. Ranar da babbar likitar, Dakta Surayya, ta tara mu tana bayanin ƙa'idojin aikin, ana tsakiyar magana tela ya aiko in zo gwaji. Na ce a raina, bayani ai na jahilai ne. Na sulale.

To, akwai surukina, Baffa Jaji, mahaifin matata Asiya. Bafulatani ne na wata ruga wajen Jangeru, dogo siriri, mai kunyar da ko tari ba ya yi a gabana. Shekaru yana fama da ƙaba, ta kai har ya daina bin shanunsa, sai dai ya zauna gindin bishiya yana kallon ana kora su, yana juyar da kai kada a ga idonsa. Ba da bakinsa na ji ba, Asiya ce ta ji wurin mahaifiyarta, ta gaya mini cikin kuka. Na buga ƙirji na ce ta aika ya zo, likitocin a hannuna suke. Ya zo, ya bi layi kamar kowa, aka duba shi, aka ce gobe da safe za a yi masa. Ni lokacin ina can ana ɗaukata hoto kusa da motar ƙungiya.

Da yake hanya ba ta da tabbas, a gidana ya kwana. Wannan ne karo na farko da Baffa ya taɓa kwana ƙarƙashin rufina, ka ga kuwa ba ranar wasa ba ce. Tun asuba na tashi gidan. Aka dama fura da nono mai kauri, aka soya waina, aka ɗumama farfesun kan rago. Na ɗauki tire da kaina na kai zaure na durƙusa.

"Baffa, ga ɗan abin taɓawa."

Ya dubi bango ya yi godiya da Fulatanci, "Miyetti. Na ƙoshi."

Na yi murmushi. Ni za a gaya wa fulako? Duk wanda ya auri Bafulatana ya san karatun. "Na ƙoshi" na farko gaisuwa ce, na biyu ladabi, sai a na uku ake fara ciniki. Baffa ya taɓa ce mini yana azumi alhali ga man shanu yana ƙyalli a gemunsa. Na ajiye tiren na fita don ya sake. Da na dawo, ko ƙuda bai sauka a kai ba.

Asiya ta ja ni gefe. "Malam, ka ƙyale shi. Ina ganin da dalili."

"Wane dalili? Kunya ta! So kike a tai Jangeru a ce ya kwana gidana ya hita da yunwa? In ɗora huskata ina?"

Na koma na sake durƙusawa, na matsa tiren har ya taɓa gwiwarsa. Sai ya yi ƙasa da murya, yana wasa da bakin tabarma, ya ce, "Likita ta ce kada in ci komi."

Ka ji fa! Na ce a raina, lallai tsohon nan ya ci gaba, bara azumi, bana likita. Na miƙe na gyara farar rigata yadda zai ga biro ukun nan da kyau.

"Baffa, wace likita? Surayya? Yarinyar da ni nak kawo ta garin ga? Ai ba ta yanka kowa sai na ɗaga hannu. A ina anka taɓa yanka mutum ciki wayam? Ko rago sai an ba shi ruwa. Ni na bisa gare su, kuma na ce ka ci."

Bai taɓa tiren ba. Sai na saki wadda ba ta da magani. "Na haɗa ka da Allah, Baffa, ka ci abincin ga."

Bawan Allah ya ɗago ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, ya sauke numfashi, ya juya mini baya ya jawo ƙwarya. Tun jiya da magariba rabonsa da abinci, saboda haka da ya fara bai yi wasa ba. Na tsaya bayan ƙofa ina jin ƙarar ludayi, zuciyata fari ƙal. Har na leƙa na yi wa Asiya gwalo.

Da a nan na tsaya, da mutum ɗaya na kashe wa rana. Amma nasara tana da daɗi. Na ce yanzu mutane daga wata uwa duniya za su zo su yi sadaka a garinmu, mu 'yan gari muna tsaye hannu rabbana? Na sa aka cika babbar kula da kunun tsamiya, na tsaya wurin mai ƙosai na kwashe abin da ta soya, na ɗaure duka a bayan babur, Baffa a tsakiya yana riƙe da kofuna.

Mun isa asibiti mun tarar da layi a kan bencina, maza sun kusa talatin, leɓuna a bushe, kowa ya yi tagumi. Tausayi ya kama ni, wallahi na gaske. Na buɗe kula, ƙamshi ya tashi, na ga maƙogwaro suna motsi.

"Jama'a, bismillah! Sadaka ta, ba saye ba!"

Wani dattijo daga wajen Zurmi ya ce, "Dakta, an hwa ce kada mu ci."

Dakta! Ka ji abin da ya kira ni? Kaina ya ƙara faɗi, hular ma ta matse ni.

"An canza doka," na ce. "Yau da sahe munka zauna munka canza ta. Ga surukina nan, ku tambaye shi. In akwai cuta ciki, shi zan hwara bai wa?"

Aka juya ga Baffa. Shi kuma ba ya ƙarya, ya gyaɗa kai. Ai kuwa sai hannuwa suka miƙo. Na riƙa zubawa ina sa albarka, mai neman ƙari in ƙara masa, mai jin kunya in haɗa shi da Allah. Mutum huɗu ne kawai suka ƙi, wasu masu taurin kai, na yi musu kallon marasa rabo.

Ana cikin suɗe kofuna Dakta Surayya ta fito, fuska a rufe da ƙyalle, hannuwa a sama. Ta tsaya. Ta dubi kula, ta dubi takardun ƙosai a ƙasa, ta dubi wani mai ƙaba yana lasar yatsa. A hankali ta sauke ƙyallen.

"Wane ne ya ci abinci a nan?"

Hannuwa suka tashi kamar ana zaɓe, wasu da ƙosai a ciki.

"Inna lillahi! Ba jiya na bi ku ɗaya bayan ɗaya na ce kada ku ci komai ba? In aka yi wa mutum allurar aiki da abinci a cikinsa, zai iya amai ya shaƙe ya mutu a kan tebur! Wa ya ba ku?"

"Babban likita," in ji dattijon Zurmi. "Shugabanku."

"Shugabanmu?"

Na so in shige bayan kula, amma kular ba ta kai faɗina ba. Ta ƙare mini kallo tun daga biro har takalmin roba.

"Wannan? Ba kai ne mai jera benci ba?"

Aboki, an taɓa zaginka da gaskiya a gaban surukinka? Sai wurin ya fashe da ihu. "Dakta Kunu!" "Likitan ƙosai!" "Shugaban benci na duniya!" Wani ya wurgo mini kofi, da ɗan saura a ciki, ya sauka daidai aljihun biro. Masu taurin kan nan huɗu suka wuce ciki suna taku ɗai-ɗai, ɗaya har da ɗaga mini hannu.

Na bi ta ina roƙo. "Dakta, a yi haƙuri. Kunu na, ruwa-ruwa. Su ɗan zagaya asibiti da gudu, yanzu shi sauka."

"Masu ƙaba za su yi gudu?"

"To a jira shi narke."

"Kafin ya narke la'asar ta yi, mu kuma dole mu kama hanya da rana, ka fi ni sanin dalili. Wanda ya sha kaɗan zan gani zuwa azahar. Baban nan me ya ci?"

Baffa take nufi. Na fara lissafi, fura, waina, da na kai farfesun kan rago sai ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Ta ce wanda bai samu yau ba ya same su Kaura gobe da sassafe, ciki babu komai, kuma gobe ce ta ƙarshe. Wanda ya rasa, ita ba ta san shekarar da za su dawo ba.

Na waiwaya na ga Baffa zaune a ƙarshen benci, ya dafe mararsa, yana kallon ƙofar da mutum huɗun nan suka shiga. Bai zage ni ba, bai ko harare ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Nan dariyar ta fita daga raina, na ji kunyar da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni.

Maigari ya sa aka nemo motar hatsi ta kwashi sauran zuwa Kaura tun da rana, ya ce in bi su in yi musu hidima, amma ko ruwan alwala kada in miƙa wa kowa sai an tambayi likita. Asiya ta shiga gaban mota tare da mahaifinta. Ni aka jefa ni baya cikin waɗanda na ciyar, kuma duk ramin da mota ta faɗa sai sun dafe ciki sun yi mini addu'ar da ba a cewa amin.

Washegari a Kaura na zama mutumin kirki. Babu farar riga, babu biro, murya kamar ta amarya. Na rakuɓe jikin taga ina leƙe. Aka kira Baffa kusan ƙarshe, lokacin har an fara naɗe kaya. Ya hau gadon da ake tura marasa lafiya, Asiya tana riƙe da sandarsa, masu jira sun cika baranda. Dakta Surayya ta tsaya kansa.

"Baba, yau ka ci wani abu?"

"Ko miyau ban haɗiye da yawa ba."

"Madalla, yanzu za mu shiga. Saura tambaya ɗaya. Akwai wani abu da ka san jikinka ba ya so, wanda in ya kusance ka yake jawo maka matsala?"

Baffa ya ɗan yi tunani. Sannan ya ɗago kai a hankali, ya bi baranda da kallo har ya iso taga, ya turo baki ya nuna ni.

Likita ta ce, "An gode, Baba. Wannan mun riga mun sani. A rufe tagar."