Ranar Da Na Ba Faiba Ɗari Biyu

Ba zan taɓa mantawa da sati na uku da kama aiki ba, a sashen kwamfuta na wata hukuma a nan Abuja. Lokacin ina tafe ina ɗaga kafaɗa kamar ni na ƙirƙiro intanet.

Layin intanet biyu gare mu a ofis: na faiba, wato na zamani mai gudu, da wani tsoho na ko-ta-kwana, wanda sai ka je ka yi alwala ka dawo hoto ɗaya bai gama buɗewa ba. Rauta, wato akwatin da ke rarraba mana intanet, ita ke zaɓar layin da saƙo zai bi ya fita, kuma da lambar da aka ba kowane layi take zaɓa. Aka ce in saita. Na ba faiba ɗari biyu, na ba tsohon ɗaya. (Ai ko a makaranta mai maki da yawa ne na farko, ko ba haka ba?)

Washegari Daraktanmu ya shiga taron bidiyo da manyan hukumar, yana kare aikin da sashenmu ya yi wata uku yana shiryawa. Yana buɗe baki hoto ya daskare. Aka kira gwani, wato ni.

"Yallaɓai, matsalar daga kamfani ce," na faɗa ina girgiza kai. Har tsaki na yi musu.

Sai ga Madam Ladi, 'yar Kuje, wadda ta girme ni a aikin da shekaru, ni kuwa na ɗauka gyaran firinta kawai ta iya. Ta leƙa kwamfutata.

"Wane ne ya sa wannan lamba?"

"Ni ne, Madam. Fifiko na ba faiba."

"Ɗana, rauta ƙaramin lamba yake bi. Kamar nisa ne. Ka gaya masa faiba yana Nyanya, tsohon layi yana bakin ƙofa. Kai wanne za ka bi?"

Ashe hoto ne kawai ya tsaya, murya na tafiya lafiya lau. Daga cikin sifika wani babba ya ce, "Darakta, a gaishe mana da injiniyan."

Madam ta juya lambobin, hoto ya dawo, aka ci gaba da taro. Darakta ko kallona bai yi ba.

Tun daga ranar, duk abin da na ji na tabbata da shi ɗari bisa ɗari, sai na sake dubawa. Kuma kafin in ɗora wa wani laifi, makirufo nake fara kashewa.