Ranar da na koya wa matuƙin jirgi tuƙi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka wa gonakin Bukkuyum da Gummi ba, domin a shekarar ce na shiga jirgin sama karo na farko, kuma na zubar da girmana da hannuna.

Ni malamin gona ne. Kafin a fara feshi, an turo ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu ya zagaya ya gano inda tsuntsayen ke kwana, aka ce ana son wanda ya san yankin ya raka matuƙin. Na miƙe a gaban kowa na ce ko ido rufe na san kowace tsamiya daga Anka har Gummi. (Daga sama, jama'a, duk tsamiya ɗaya ce. Garinmu ma sai da aka nuna min shi a taswira.)

Matuƙin, Kyaftin Bala, dattijo ne mai furfura, marar yawan magana. Ya zaunar da ni kusa da shi, ya sa min abin saurare a kunne, ya nuna sitiyarin da ke gabana ya ce, "Malam, wannan ba naka ba ne."

Abin da ban gaya masa ba shi ne, na riga na aika garinmu Gwashi cewa bayan la'asar kowa ya fito ya dubi sama, ɗansu zai wuce.

Saura kaɗan mu isa saman garin, Kyaftin ya dubi gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya ce, "Za mu juya."

Na ce, "Haba Kyaftin! Wanga hadari ba na ruwa ba ne, ni ɗan ƙasag ga ne. Minti biyar kawai."

"A'a."

Sai na ɗauko muryar ofis. Na ce gwamnati ta kashe kuɗi, manoma na kuka, kuma zan rubuta a rahoto cewa tsoro ya hana aiki. Kyaftin bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ka rubuta. Sai mai rai ke rubuta rahoto." Ya karkata jirgi muka juya.

Ko minti uku ba a yi ba gefen iskar ya cim mana. Jirgi ya yi ƙasa kamar an tsinke igiya, kaina ya bugi rufi. Ban san lokacin da na cafke sitiyarin nan da hannu biyu ba. Hancin jirgi ya ɗaga sama, wata ƙara ta fara tsuwwa, ni kuwa ina kururuwa: "Wayyo Inna! Na tuba! Kyaftin ka sauke ni nan, in tai gida da ƙahwa!"

Ya maka min duka a hannu ya ce, "Saki!" Na saki. Ya sunkuyar da hancin jirgin, ya lallaɓa shi har muka fita daga iskar. Muna sauka ruwa ya kece.

Na fito ina gyara hula, ina fatan maganar ta tsaya tsakaninmu biyu. Ashe a jikin sitiyarin akwai madannin oba-oba, rediyon da ake magana da filin jirgi, kuma babban yatsana yana kansa tun daga "Wayyo" har "ƙahwa". Duk ma'aikatan filin jirgi sun ji, har da shugabana da ya zo tarbarmu. Shugaban ya dube ni ya ce, "Malam, da mun san ƙafa ka fi so, da ba mu wahalar da jirgi ba." Kyaftin ya miƙo min biro ya ce kada in manta da rahoto.

Tun daga ranar, idan direba ya ce hanya ba ta biyuwa, ko bakanike ya ce taya ta mutu, ni ne farkon mai cewa gaskiya ne. Ilimina yana da yawa, amma na gano bai wuce tsayin karan dawa ba.