Jirgi Mara Matuƙi a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da daren da na je Tabla jin amsar surukaina ba. Ko na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba.

A lokacin zancen jirgi mara matuƙi ya cika Filinge. Kowa ya ce yana jin wani abu na wucewa sama bayan isha'i, yana ƙugi kamar zuma. Wani ya ce wutarsa ja ce, wani ya ce kore, wani ya rantse ba shi da wuta sam. Ba wanda ya san mai shi, ba kuma wanda ya iya bin sa da ido har ya ga inda ya nufa. Yadda ƙasarmu take a shekarun nan, mutane tsoro suke ji da gaske. Ni kuwa, malamin lakwal, wato makarantar boko, mai kallon bidiyo a waya, sai na naɗa kaina masanin jirage a wurin shan shayinmu. (Ilimin nawa duka bai wuce abin da na gani kafin mega, wato datar wayata, ta ƙare ba.)

Rakiya nake nema da aure. Mahaifinta, Baba Arzika, manomi ne mara yawan magana, ya ce ba zai ba ɗan birni 'yarsa ba sai ya ga natsuwarsa. Shi ya aiko in zo ranar in ji matsayina. Don in fito a natse, na sayi farin tabarau a kasuwa (idona lafiya lau), na kuma maƙala ɗan abin amsa waya a kunne irin na manyan ma'aikata. Har na isa na manta yana nan.

Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, na zauna kai a ƙasa. Inna Kuluwa, mahaifiyar Rakiya, tana bayan zana tana tuƙa tuwo. Tunda na fara zuwa gidan ban taɓa kallon fuskarta ba. In ta hango ni a hanya takan sauya lungu, ni ma haka, kunyar surukai ce cikakkiya.

Bayan gaisuwa Baba Arzika ya kira ni da Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ya ce, “Mushe, an ce kai ka san abin ga da ke yawo bisa. Mi na na?”

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma sai na gyara zama. Na ce tauraro ba ya motsi, jirgin fasinja miƙewa yake yi, shi kuwa mara matuƙi tsayawa yake ya zaɓi mutum ya bi shi. Na ɗaga kai don in nuna masa da hannu, sai ga wata shuɗiyar wuta ta ƙifta a sama, daidai kan rumbu.

Na ce, “Baba, ga shi can.”

“Ina?”

Na juya in nuna masa, wutar ta koma kan itacen gawo. Na waiga hagu, tana kan masallaci. Kafin ka ce me maƙwabta sun cika gidan, kowa ya miƙe wuya. Ina nuna gabas su juya gabas, ina nuna yamma su bi ni. Wani dattijo ya ce wallahi shi ma ya gan shi. Wani ya ce bai gani ba amma yana jin ƙuginsa. (Daga baya aka gane injin niƙa ne a bayan gari.)

Sai na lura duk inda na kai ido, nan wutar take. Na ce, “Ni yake bi.”

Baba Arzika ya dube ni a natse ya ce, “To, in kai shika bi, mi kaka yi cikin gidana?”

Na miƙe zumbur. Na ce a kashe fitilu, a kashe murhu, kowa ya nemi mafaka. Na ji an kwara ruwa a wuta, tuwon dare ya tafi. Ni kuwa, mutumin da ya zo nuna natsuwa, na tattare babbar riga na yi rarrafe na shige ƙarƙashin rumbu, kaji na watsewa.

Ashe wani ya riga ni shiga. Kafaɗata na gugar tasa, ina jin numfashinsa. Na buɗe ido cikin duhu, sai ga shuɗiyar wutar nan, a ƙarƙashin rumbun. Na damƙe hannun maƙwabcin nawa na ce, “Ɗan'uwa, mun mutu, ya shigo.”

Muryar mace ta ce a hankali, “Yaro, sakam min hannu. Mi ke walƙiya ga kunnenka?”

Inna Kuluwa ce.

Ta sa yatsu ta zare abin amsa wayar. Ga shi a tafin hannunta yana ƙifta shuɗiyar wuta, wadda tun ɗazu take haska gilashin tabarauna ta ciki. A hasken nan na fara ganin fuskar surukata, hancina dab da nata, da gashin kaza a ɗankwalinta. Na roƙi Allah ya sa rumbun ya rufto mini, bai rufto ba.

Ko sallama ban yi ba na hau babur. Na kwana da sanin na rasa Rakiya, kuma abin ya yi mini zafi ƙwarai, don ina son ta.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko wai in turo magabatana. Sai bayan biki Rakiya ta gaya mini yadda aka yi. Baba ya ce ba ya ba matsoraci 'yarsa. Inna ta ce, “A ba shi. In ya tahi haka nan, labarin rumbu sai ya kai har garin Damana. In ya zan suruki, kunya ta hana mai hwaɗi, ni ma ta hana ni.”

Jirgin gaskiya har yau ba a san mai shi ba. In an tambaye ni, cewa nake ni malamin lissafi ne. Abin da na koya kaɗan ne: kafin ka tara gari kallon sama, fara cire abin da ka maƙala wa fuskarka.