Bindigar Abdulwasi'u da Dinyoyin Madekali

"Kwana ukku kawai nika so. Bayan nan, duk dinyar da ta sauka gonar Baba, ku daina kirana namiji."

Abdulwasi'u ke nan, mai sayar da bokitai da robobi a kasuwar Malanville, mutumin da in ban da sauro bai taɓa kashe wani abu mai fiffike ba. Ya yi wannan cika bakin ne a Madekali, a zauren surukinsa Baba Alasan, ranar da ya kai matarsa Zuwaira gaida iyayenta. Shinkafar tsoho ta fara nuna, saura mako uku a yanke, ga dinyoyi, manyan agwagin dajin nan, suna tasowa daga kogi safe da yamma suna kiwo a cikinta. Kuma gonar nan guda ita ke ciyar da gidan shekara.

Baba yana da dabararsa. Ya kewaye gonar da igiya, ya rataya gwangwanaye, yakan zauna a rumfa yana ja suna ƙara. Ana cin kaɗan, ana bar masa da yawa. Abdulwasi'u ya ce wannan aikin mutanen da ne, ya kwance igiyar ya naɗe. Ka kuwa san surukuta a wajenmu: tsoho ba ya iya duban mijin ɗiyarsa ya ce masa kul. Sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah shi taimaka.

Washegari Sarkin Bakan Robobi ya sayi harsashi kwali guda a kan jaka bakwai na sefa, tun bai samu bindigar da zai zuba shi ba. Ya hau kabu-kabu zuwa biro, wato ofishin gandun daji, neman takardar izini. Ma'aikacin ya saurare shi har ya gama, sannan ya gaya masa lokacin farauta bai buɗe ba, dinya dai a kore ta, wanda ya kashe kuwa zai yi bayani gaban jandarma. Da ya koma Madekali, Oumarou shugaban koperatif na manoman shinkafa ya ƙara masa da tasu dokar: dalmar harsashi ba ta shiga ruwan gona, don a magudanan nan mutane ke kamun kifi.

Da wani ne, da ya koma ya ɗaura gwangwanayen. Namu kuwa ya ce ya yi nazarin doka ciki da waje: an hana kisa, an hana dalma, amma ba wanda ya hana harbi. Ya je ya aro tsohuwar bindigar ɗuri wajen Harouna maharbi, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sanda.

Ɗurin farko gishiri ya zuba. Laimar bakin kogi ta dunƙule gishirin, bindiga ta yi tari kamar tsohuwar akuya, hayaƙi ya dawo masa a fuska. Ya shigo gida baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya ce gwaji ne. Dinyoyi ko kai ba su ɗaga ba.

Na biyu tsakuwa. Ya rufe ido duka biyu ya ja kunama, ya huda tiyon injin ban-ruwa na maƙwabcin gona Khalidu a wuri shida. Kafin la'asar Oumarou ya sa tsakuwa cikin abubuwan da aka hana.

Daga nan ne basirar ta sauko masa. Ya bayyana wa Zuwaira cewa busasshiyar masara tana da tauri, tana da zafi a jiki, ba ta kisa, kuma duk duniya babu dokar da ta ambace ta.

"Maigida," in ji Zuwaira, "dinya fa tsuntsuwa ta. Mi tsuntsu ka ci?"

"Wadda aka watsa daban, wadda aka harba daban. Ke kula da tukunyarki."

Ranar farko abin ya yi kyau. Bindiga ta tashi, dinyoyi suka watse, jarumi ya taka rawa a kan kunyar gona har takalminsa ya maƙale a laka. Da suka dawo suka tarar an shimfiɗa musu masara, wata ma wuta ta fasa ta ta zama gugguru. Rana ta biyu suka ɗan tashi suka sauka. Rana ta huɗu suka daina wahalar da fukafukansu. Kafin mako ya cika, da an ji ƙarar bindigar Abdulwasi'u, sai ka ga dinyoyin gonakin maƙwabta sun tashi sun nufo gonar Baba a jere. Har na tsallaken Nijar suna ƙetaro kogi, ba takarda, ba duwan, wato kwastan. In masara ta ƙare su wanke baki da shinkafa.

Shi kuwa Janar ya ce haka yaƙi yake, sai ka tara abokan gaba wuri guda tukuna.

Baba Alasan yana gani, kunya ta ɗaure masa baki. Ya kira matarsa Hawa ya ce ta gaya wa ɗiyarta bindigar nan za ta kashe su da yunwa. Hawa ta ga maganar ta yi nauyi a kai wa suruki, ta ce wa Zuwaira babanta ya ce mijinta ya sha wahala, ya kamata ya huta. Zuwaira ta isar, ta ƙara da nata faɗan, amma kunnen gogan yabon kawai ya ɗauka. Ya ce tsoho na yaba masa, ina shi ina hutu? Ya aika Malanville aka kawo buhun masara na biyu.

Ranar yanka, gonar da ta saba ba da buhu talatin ta ba da huɗu. Maƙwabta kuwa tun da aka haife su ba su ga shekara irin wannan ba.

Bayan kwana biyu sai ga su da amalanke a ƙofar gida, kowa ya ɗoro wa Baba buhu guda. Abdulwasi'u ya ɗauka dukansa suka zo yi, ya laɓe bayan rumbu. Khalidu ya zagaya ya jawo shi, ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya.

"Mun yi shawara a koperatif," in ji shi. "Baɗi ma nan gonar Baba za ka tsaya. Albarushi da masara duk mu za mu kawo."

Baba Alasan, wanda shekara tara bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, ya ɗago kai ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Masarar ku kawo ta nan gida mu ci," in ji tsoho. "Shi kuwa ku kai ma dinyoyi, su suka san amfaninai."